Jirgi Ba Matuƙi, Alhaki Na Wa?

A wani bikin aure da aka yi a Ɗanzomo bayan an gama girbin gero, mai ɗaukar hoto ya zo daga Gumel da wata 'yar jaka rataye a kafaɗa. Da la'asar ta yi sanyi, makaɗa suka jera ganguna a dandali, sai ya buɗe jakar nan ya fito da wani abu wanda bai fi faifai faɗi ba, mai hannuwa huɗu, kowane hannu da 'yar farfela a bisansa. Ya ajiye shi ƙasa, ya ja da baya, ya taɓa wani ɗan allo da ke hannunsa. Abin nan ya yi ƙugi kamar taron ƙudan zuma, ya miƙe sama, ya tsaya cak bisa kan jama'a yana ɗaukar hotonsu. Yara suka ɗauki sowa, kaji kuwa suka ruga ƙarƙashin rumbu, don su a saninsu duk abin da ya tsaya haka a sama shirwa ce.

Wani dattijo da ke zaune kusa da ni bisa tabarma ya daɗe yana duban abin, sa'an nan ya yafito mai hoton ya ce, "Samari, wa ke cikinsa?"

Mai hoto ya durƙusa ya ce, "Baba, ba kowa ciki. Ni ke tuƙa shi daga nan."

Dattijo ya ce, "To, madalla. In ya faɗo a kan jikana, ko kuwa ya leƙa bayan katangata inda iyalina suke, wa zan kai ƙara wurin mai unguwa, kai ko shi?"

Aka yi dariya, aka ci gaba da kiɗa. Amma ni tun daga ran nan tambayar dattijon nan ba ta sake ni ba, domin na lura ita ce ainihin tambayar da manyan ƙasashen duniya ke fama da ita yau. Idan aka fid da mutum daga cikin jirgi, jirgin ya tafi ya yi aiki, alheri ko ɓarna, ladan na wa, alhakin kuma na wa? Kafin mu taɓa amsa, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa, mu kuma dubi ƙasar da ta fi cika kasuwannin duniya da shi, watau ƙasar Sin.

Jirgin sama marar matuƙi iri biyu ne ta wajen tuƙi. Akwai wanda mutum ke zaune a ƙasa yana sarrafa shi ta wayar iska, yana ganin abin da kyamarar jirgin ke gani a kan allo. In jirgin ya yi nisa ƙwarai, saƙon yakan bi ta tauraron ɗan'adam. Akwai kuma wanda ake rubuta wa hanyarsa a cikin kwamfutar da ke jikinsa tun kafin ya tashi, ya tafi ya komo ba mai taɓa shi. Ƙaramin da muka gani a biki irin na farko ne, kuma galibin irinsa daga birnin Shenzhen suke fitowa, inda wani ɗalibi mai suna Wang Tao ya kafa kamfanin DJI a 2006.

Abin lura shi ne, tun da aka fara ƙera jirgin sama jikin ɗan'adam ne ma'auninsa. Tilas a yi wa matuƙi wurin zama, a ba shi iskar shaƙa, a yi masa tagar gani, a kuma tuna yana gajiya, yana jin barci, yana tsoron mutuwa. Ran da aka fid da shi daga ciki, sai maƙera suka sami sarari su yi wa jirgi kowace irin siffa suka ga dama. Shi ya sa jiragen gwajin da Sinawa suka fitar a shekarun nan, in ka ga hotunansu, sai ka ce ba dangi ɗaya ba ne.

Akwai wanda suka sa wa suna Qimingxing-50, ma'anar sunan kuwa gamzaki. Ya fara tashi a watan Satumba na 2022 a Yulin, cikin lardin Shaanxi. Faɗin fukafukansa mita 50 ne, an shimfiɗe bayansu da farantan zuƙar hasken rana, ba ya shan mai ko ɗigo. An yi shi don ya hau can sama da gizagizai, wajen mita 20,000, ya daɗe yana shawagi yana aikin da tauraron ɗan'adam ke yi. Akwai EH216-S na kamfanin EHang da ke Guangzhou, mai farfela 16, wanda ke ɗaukar fasinja biyu ba direba. A watan Oktoba na 2023 hukumar jiragen sama ta ƙasar ta ba shi takardar shaidar inganci. Akwai wanda malaman wata jami'a a birnin Xi'an suka ƙera da siffar kurciya, yana kaɗa fukafuki kamar tsuntsu na gaske, nauyinsa giram 200 kurum. Jaridu sun ba da labari a 2018 cewa an bi da shi ta kan garken tumaki, tumakin ba su ko ɗaga kai ba. Na yaƙi kuma, akwai wanda suke kira Takobi Mai Kaifi, marar wutsiya, shi duka fiffike ɗaya ne, an yi shi haka don ya ɓace wa na'urar hangen jirage. Ya fara tashi a 2013, aka nuna shi a faretin soja na birnin Beijing ran 1 ga Oktoba, 2019.

Kada mai karatu ya zaci duk wannan wasan masu kuɗi ne, ko kayan kisa kaɗai. A watan Yuli na 2021 ruwa ya yi gyara a lardin Henan, ambaliya ta katse wayoyi, mutanen wani gari mai suna Mihe suka rasa hanyar da za su sanar da duniya halin da suke ciki. Sai aka tashi wani jirgi mai suna Wing Loong-2H daga Anshun, cikin lardin Guizhou, ya yi tafiyar wajen kilomita 1,200, ya zo yana kewaya garin daga sama ɗauke da na'urar waya. Wajen awa biyar wayoyin mutanen garin suna aiki, uwa ta ji muryar ɗanta, masu ceto suka san inda za su nufa. A watan Janairu na wannan shekarar kuma, a Jinchang cikin lardin Gansu mai fama da fari, aka gwada wani ɗan'uwansa wanda aikinsa shi ne ya shiga cikin hadari ya barbaɗa wani garin sinadari da ake haɗawa da azurfa, don tururin da ke cikin girgijen ya dunƙule ya zubo. Ba ya halittar hadari inda babu, sai dai ya taimaki wanda ya riga ya haɗu. Tun 2015 kuma DJI ya fitar da jirgin feshin gona mai ɗaukar lita 10 na magani, manomi yana tsaye a bakin gona iskar maganin ba ta shiga ƙirjinsa.

Mu mutanen ƙasar Gumel ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfanin irin waɗannan ba. Mun san yadda hadari ke haɗuwa daga gabas a tsakiyar damina, gero ya fara kaɗa kai don ƙishi, kowa ya ɗaga ido, sa'an nan iska ta watsa shi ba ɗigo. Mun san yadda fara ko jan-baki kan sauka kan gonar da aka yi wata uku ana wahalarta su gama da ita kafin azahar. Mun san nisan asibiti ga mai naƙuda a ƙauyen da mota ba ta shiga don yashi. Wanda ya ce a rufe ido daga wannan fasaha duka, bai yi wa manomin riɗi da zoɓo adalci ba. Karen bana, in ji Hausawa, shi ke maganin zomon bana.

Amma su Sinawan da kansu suna da wani tsohon labari wanda ya kamata a ajiye kusa da waɗannan jirage. Fiye da shekara 2,400 da suka wuce an yi wani gwanin masassaƙi a ƙasarsu mai suna Lu Ban, aka kuma yi wani malami mai hikima a zamaninsa mai suna Mozi. Littattafansu na da sun ce Lu Ban ya sassaƙa tsuntsu da gora da itace, ya sake shi, ya kwana uku a sama bai sauko ba. Ya zo yana alfahari, sai Mozi ya nuna masa cewa ɗan guntun itacen nan da ake sokawa a bakin sandar amalanke don kada ƙafa ta zare ya fi tsuntsunsa daraja, domin shi yana ɗaukar wa mutane kaya mai nauyi, tsuntsun kuwa bai amfani kowa ba. A wurin Mozi gwaninta ita ce abin da ya amfani jama'a. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar amalanken shanu ta fice a hanyar Maigatari da buhunan gero a kai, ya san malamin nan bai yi ƙarya ba.

Labari na biyu ya fi wannan nauyi. Lu Ban ya ƙera wa Sarkin Chu wasu dogayen tsani na hawa ganuwa, don a ci wata ƙaramar ƙasa mai suna Song da yaƙi. Da Mozi ya ji, ya yi tafiyar kwana goma a ƙasa har ya isa, kuma bai fara zuwa fada ba, sai ya nufi wurin masassaƙin. Ya yi masa tayin zinariya ya kashe masa wani mutum da ya ɓata masa rai. Lu Ban ya husata, ya ce shi ba ya kisan kai. Mozi ya tambaye shi yadda mutumin da ke ƙyamar kashe mutum ɗaya zai ƙera abin da za a kashe jama'ar gari guda da shi. Ka ga tun wancan zamani an gane cewa nisan da ke tsakanin hannu da gawa yakan ruɗi mutumin kirki har ya ga kamar hannunsa tsarkakakke ne.

Wannan magana ba ta Sin kaɗai ba ce yanzu, ta iso ƙofar gidanmu. A watan Janairu na 2015 wani jirgi marar matuƙi ya faɗi a ƙauyen Dumge, cikin ƙaramar hukumar Mafa ta Jihar Borno, da makamansa a jiki. Hotunansa ne suka sanar da duniya cewa Nijeriya ta sayi CH-3 daga Sin, jirgin da sunan danginsa ke nufin bakan gizo. A watan Fabrairu na 2016 mayaƙan sama suka ba da sanarwar sun kai hari na farko da irin wannan jirgi a dajin Sambisa. A 2020 suka ce sun sayo waɗansu takwas daga Sin, cikinsu har da Wing Loong II, watau ɗan gida ɗaya da wanda ya kai wa mutanen Mihe waya. Jiki ɗaya ne, abin da aka rataya masa a ƙarƙashin fiffike ne ya bambanta. Mu ma mun ƙera namu a Kaduna: Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da ɗaya a watan Disamba na 2013, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani a watan Fabrairu na 2018. Na farko sunansa Gulma, na biyu Tsaigumi. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san Hausa, ya kuma san aikin jirgin, watau ya leƙo ya kai rahoto. Sai dai kowane Bahaushe ya san magulmaci yakan ga gaskiya rabi ya kai ta a matsayin cikakkiya.

To, mu komo ga tambayar dattijo. Amsa uku na ji mutane suna bayarwa.

Waɗansu sukan ce jirgi ƙarfe ne, kamar wuƙa, ana yanka rago da ita ana kuma yanka mutum, saboda haka ba abin da za a ce. Rabin wannan magana gaskiya ne, don lalle ba a kai ƙarfe gaban alƙali. Amma ba ta amsa tambayar ba, ta dai tabbatar da cewa alhakin yana wuyan wani mai rai. Kuma wuƙa ba ta canza halin mai riƙe da ita kamar yadda wannan ke yi. Mai wuƙa tilas ya matso, ya ga idon wanda zai soka, ya ji muryarsa, shi ma ya sa ransa cikin hatsari. Da yawa an fasa mugun aiki saboda wannan matsowar.

Waɗansu kuma sukan ce alhakin na maƙeri ne, shi ya kawo abin duniya. Mozi zai yarda da su zuwa wani matsayi. Kamfanin DJI ma ya nuna ya san da haka, domin a watan Afrilu na 2022 ya dakatar da ciniki a Rasha da Yukren don kada a yi yaƙi da kayansa, ko da yake kayan sun ci gaba da isa fagen fama ta hannun 'yan kasuwa. Maƙerin da ya sayar wa wanda ya san azzalumi ne yana da kaso. Amma in muka ɗora wa maƙerin Sin duka kayan, mun sauke wa kanmu nauyin da yake namu ne. Ba shi ya zaɓi garin da za a nufa ba, ba shi ya ce a saki makami ba.

Amsa ta uku ita ce wadda kakanninmu suka riga suka bayar tun ba a san jirgi ba. In shanu suka shiga gonar gero da dare a Sule Tankarkar ko Gagarawa suka yi ɓarna, ba wanda ke tsayawa yi wa saniya tambaya. Sawunta ake bi har ruga, a kira mai ita gaban dagaci, a ƙiyasta ɓarna ya biya. In ya ce ai shi yana barci sa'ad da abin ya faru, sai a ce masa barcin nan shi ne laifinka. Malaman fiƙihu na Malikiyya haka suka tsara: ɓarnar da dabba ta yi wa shuka da dare tana kan mai ita, abin da dabba ta taka kuma yana kan wanda ke bisanta, ko mai janta, ko mai korarta. Haka wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a, in wani ya faɗa, ba zai ce ai ba ya nan ba. Ashe shari'armu ta daɗe da sanin ɓarnar da ake yi ba mai ita a wurin, ta kuma daɗe da yanke cewa rashin kasancewarka a wurin ba ya wanke ka. Jirgi marar matuƙi yana da mai shi, kamar yadda saniyar dare take da mai ita.

Wani zai ce, "Malam, ka matsa wa abin nan. Sojan da ke tuƙa shi ɗan wani ne, in yana zaune a ɗaki ya tsira daga harsashi, uwarsa ta huta da kuka. Kuma jirgin da ke iya yin awa goma yana kallon wuri ɗaya ya fi matuƙin da ke wucewa kamar walƙiya damar tantancewa." Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma a Zamfara da Katsina suna da hakkin a kare su, kuma in da abin da zai gano maɓoyar ɓarayi ba tare da an zubar da jinin soja ba, to, alheri ne. Amma a duba abin da hujjar ta ƙunsa. In gaskiya ne mai tuƙin ba ya cikin hatsari, kuma yana da lokacin dubawa, to, uzurinsa ya ragu ke nan. Sojan da aka yi wa kwanton ɓauna ya yi harbi cikin firgita, ana iya yi masa hanzari. Wanda ke zaune kan kujera ba mai harbinsa, me zai ce ya hana shi ƙara dubawa? Duk abin da na'ura ta rage masa na tsoro, ta ƙara masa shi a nauyin tabbatarwa.

Tabbatarwa kuwa daga sama abu ne mai wuya, don hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ran Lahadi da dare, 3 ga Disamba, 2023, mutanen Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, suna taron Mauludi, jirgin soja marar matuƙi ya sakar musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, an ɗauki taron a matsayin na 'yan bindiga, kuma babban hafsanta na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri. A watan Mayu na 2024 hedkwatar tsaro ta ce mutum biyu za su gurfana gaban kotun soja. Ban kawo wannan don in ɗora wa maƙeran Sin ko na wata ƙasa laifi ba. Na kawo shi don a ga abu biyu. Na farko, kyamara ta ga taro, ta ga motsi, amma ba ta ji abin da bakunan nan ke karantawa ba. Da an tambayi yaro ɗaya na garin da ya faɗi abin da ake yi. Na biyu, da aka zo hisabi, mutane aka kira, ba a kira jirgi ba.

Ka ɗauka kai ne ke kallon ƙasarmu daga sama ran Laraba da dare, jajiberin kasuwar Maigatari. Me za ka gani? Babura a jere suna tafe cikin duhu ta hanyoyin yashi, garken shanu da raƙuma ana koro su daga wajen iyakar Nijar, maza da sanduna a kafaɗa, waɗansu sun yada zango a gindin itace sun hura wuta. Mu da muke ƙasa mun san fatake ne da dillalai da makiyaya masu neman halaliyarsu ran Alhamis. Ga wanda bai taɓa taka ƙasar ba, yana duban ɗigo-ɗigo a kan allo, sanda da bindiga tsawonsu ɗaya. Na'ura ta tsawaita idon mutum har ya kai inda saninsa bai kai ba, a cikin wannan tazara kuwa ake mutuwa.

Akwai wata ɓarna kuma da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce rarraba alhaki har ya zama kamar babu shi. Wani ya kawo rahoto, wani ya tuƙa, wani ya duba hoto, wani ya ba da izini, wani ya danna. In abu ya ɓaci, kowa sai ya ce nasa ɗan kaɗan ne. Amma rai ba gero ba ne da za a auna shi mudu-mudu a raba. In mutum biyar suka haɗu suka tura katanga ta faɗa kan yaro, ba a cewa kowannensu ya kashe kashi ɗaya cikin biyar na yaro. Kowa ya san abin da turawarsa za ta haifar, ya kuma tura, yana ɗauke da abin duka.

Gaba kuma abin zai ƙara tsanani, domin gwajin da ake yi yanzu na fid da mutum ne daga tuƙin ma ɗungum. A 2017 wani kamfanin gwamnatin Sin mai ƙera kayan lantarki ya tashi ƙananan jirage 119 tare, suna daidaita tafiyarsu da junansu kamar garken jan-baki. A bajekolin jiragen sama na birnin Zhuhai, a watan Nuwamba na 2024, aka nuna wani babba mai suna Jiu Tian, faɗin fukafukansa mita 25, wanda aka tsara ya ɗauki ƙanana har wajen ɗari a cikinsa ya sake su a sama. Ba mutumin da zai iya tuƙa jirgi ɗari a lokaci guda, tilas kwamfuta ta riƙa yanke shawara da kanta. Amurka da waɗansu ƙasashe su ma suna kan irin wannan gwaji. Shi ya sa a watan Disamba na 2023 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a kan makaman da ke zaɓar abin hari da kansu, ƙasashe 152 suka goyi baya. Ran da aka ce na'ura ce ta zaɓa, masu ita za su so su ce ba ruwansu. Amsarmu ita ce ta dagaci: wanda ya kwance dabbar da ya san ba ya iya tsare ta, kwancewar ita ce laifinsa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Me ya kamata mu riƙe, mu da ba mu ƙera ba amma muna saye, ana kuma shawagi a kanmu? A ganina kowane jirgi da ya tashi, babba ko ƙarami, ya zama akwai mutum ɗaya mai suna wanda za a iya nunawa a ce nasa ne, kamar yadda kowace saniya a kasuwa take da shaidar mai ita. Hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya ta fara wannan a 2016, da ta hana tashin irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Sa'an nan kada a saki makami bisa shaidar ido na sama kaɗai, sai an haɗa da shaidar wanda ya san ƙasa, mai unguwa ne ko dagaci ko wani amintacce. In kuma kuskure ya auku, a faɗi gaskiya da wuri, a biya diyya, a bayyana wa jama'a hukuncin da aka yanke, domin kuskuren da aka binne shi ke sake tsirowa. In za mu aika 'ya'yanmu Sin koyon wannan sana'a, su fi mai da hankali ga jirgin feshi da na kai magani da na neman ruwa, su tuna da ɗan itacen amalanke.

Ƙaramin jirgin biki ma yana da nasa ladabi. Gidan Bahaushe an gina shi da zaure don baƙo ya tsaya ya yi sallama, an ja katanga don ido ya san iyakarsa. Magabata ba su yi wa tsakar gida rufi ba, domin ba su zaci wata rana ido zai zo ta sama ba. Abin da ba ya halatta ka gani ta kan katanga da tsani, ba ya halatta ka gan shi da farfela. Idon kyamara idonka ne, kuma shi ba ya iya sallama, sai kai ka yi masa.

Mai hoton nan na Gumel, in faɗi gaskiya, yaron kirki ne. Da aka tashi daga biki na gan shi ya koma wurin dattijon ya durƙusa, ya nuna masa hotunan a kan allo ɗaya bayan ɗaya, don ya ga ba a leƙa gidan kowa ba. Dattijo ya duba, ya ga dandali, ya ga rumbuna, ya ga kansa zaune bisa tabarma ƙanƙane kamar ƙwayar wake. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe haka muke daga sama. To, samari, ka riƙa tunawa kowane ɗigo a nan yana da suna, yana da uwa. Abin naka ba shi da wuyan ɗaukar alhaki, kai ke da shi." Ya miƙa masa allonsa, ya jawo takalmansa, ya nufi masallaci don magariba ta gabato.

Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Sinawa sun iya ƙera jirgin da zai tashi daga Anshun ya kai Mihe ba kowa a cikinsa, wataƙila gobe su ƙera wanda zai kewaye duniya. Kome nisan da ya yi, kwikwiyon nan ba ya bin jirgi, yana kwance a ƙofar wanda ya aike shi.